Guduma Da Zarto Ko Injin Lantarki: Lissafin Da Ke Gaban 'Yan Kwangilar Gini

Duk ɗan kwangilar da ya kai gini matakin rufi a 'yan shekarun nan, ko a Legas ne ko Abuja ko Fatakwal, akwai tambayar da kan tsaya masa a rai: shin ya ci gaba da dogara ga kafintoci masu guduma da zarton hannu kamar yadda aka saba, ko kuwa ya zuba jari wajen sayen zarton lantarki da injin huda da bindigar ƙusa? Dillalan kayan aiki kan ce inji ya fi sauri, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai sauri daban, riba daban. Tarihin wannan sana'a a Amurka, inda aka ƙago yawancin injinan da ake magana a kansu, ya nuna cewa inji yana biyan kuɗinsa ne idan wasu sharuɗɗa suka cika, kuma ya kamata mai jari ya san waɗannan sharuɗɗa kafin ya buɗe aljihunsa.

Da farko ya kyautu a fahimci irin ginin da ake yi a can. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sababbin gidajen iyali da ake ginawa a Amurka da katako ake kafa ƙashinsu, tun daga bango har bene da rufi. Ana jera siraran katakai a tsaye, a bar tazarar inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, a ɗaure su sama da ƙasa, sa'an nan a lulluɓe su da falankin filawud. Gida ɗaya kan ci dubban ƙusoshi, kuma kowane katako sai an yanka shi daidai awo. Saboda haka aikin kafinta a can shi ne ginin kansa, kuma duk abin da ya rage lokacin yanka da buga ƙusa ya taɓa farashin gida kai tsaye.

Ba haka abin yake ba tun asali. Kafin ƙarni na 19, Turawan da suka zauna a Amurka suna gini ne irin na kakanninsu na Ingila da Jamus: a sassaƙe manyan gumagumai da gatari da gizago, a fafe rami a jikin wannan, a fiƙe kan wancan ya shiga ramin, a soka turke na itace ya riƙe su. Aiki ne na gwanaye, mai cin watanni, kuma ranar ɗaga ginin sai an yi gayya domin nauyin itatuwan. Dalilin wannan wahala kuwa tsadar ƙusa ce. Maƙeri ne ke ƙera ta ɗaya bayan ɗaya. Adam Smith, a littafinsa na 1776 kan arzikin al'ummomi, ya kawo misalin cewa maƙerin da bai saba da aikin ba da ƙyar yake fitar da ƙusa 200 zuwa 300 a yini, alhali samarin da ba su da wata sana'a sai ita sukan haura 2,300. A mulkin mallakar Bajiniya, a tsakiyar ƙarni na 17, sai da hukuma ta kafa doka ta hana mutane ƙona gidajen da suka tashi daga cikinsu, domin wasu na yin haka ne don su tsince ƙusoshi daga toka su tafi da su.

Wani masanin tattalin arziki na Kwalejin Wellesley, Daniel Sichel, ya bi diddigin farashin ƙusa tun daga 1695. Binciken nasa, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 20 farashinta ya faɗi kamar ninki goma idan aka gwada da farashin sauran kayan masarufi. Ya kuma gano cewa a 1810 ƙusa kaɗai ta kai kashi 0.4 cikin 100 na dukkan abin da tattalin arzikin Amurka ke samarwa, wato kusan matsayin da sayen kwamfuta na gida ke da shi a zamanin binciken. Injinan yanka ƙusa da suka fara aiki a shekarun 1790 su ne suka karya farashin.

Da ƙusa ta yi araha, kuma masana'antun tsaga katako suka yawaita, sai sabon salon gini ya bayyana a birnin Shikago a farkon shekarun 1830. Wasu masana tarihi na danganta shi ga George Washington Snow da rumbun ajiyar da ya gina a 1832, wasu kuma ga Augustine Taylor da cocin da ya gina a 1833. Tsofaffin gwanaye sun yi wa salon ba'a, suna kwatanta shi da balan-balan da iska za ta kwashe. Bai kwasu ba. Mutum biyu ko uku masu matsakaicin ƙwarewa sukan tayar da gida cikin 'yan makonni, kuma da wannan salo aka gina garuruwan yammacin ƙasar. Abin lura ga mai nazarin tattalin arziki shi ne, a duk wannan juyi, kayan da ke hannun kafinta ba su canja ba: guduma ce da zarton hannu. Injin yana can a masana'anta, inda ake tsaga katako da yanka ƙusa, kuma daga can arahar ta gangaro zuwa wurin gini.

Sai bayan kusan shekara 90 inji ya iso hannun kafinta. Kamfanin Fein na Jamus ya ƙera injin huda na hannu mai aiki da lantarki a 1895, kamfanin Black & Decker na Baltimore kuma ya sami rajistar nasa mai mariƙi da kunama irin na bindiga a 1917. Zarton lantarki mai zagayayyen haƙori ya samo asali ne daga wani Bafaranshe mazaunin New Orleans, Edmond Michel, wanda ya ga yadda masu saran rake ke shan wahala da adda, ya yi ƙoƙarin sanya wa addar inji. Addar ba ta yi nasara ba, amma daga ita aka sami zarton. A 1924 shi da Joseph Sullivan suka kafa kamfani a Shikago, wanda daga baya ya ɗauki sunan Skilsaw, kuma samfurinsa mai lamba 77 da ya fito a 1937 ya zama abokin aikin kafintocin gini na tsawon shekaru masu yawa. A wannan shekara ta 1924 ne kuma aka fara tsayar da ma'aunin katako na ƙasa baki ɗaya. Ba a cika ambaton wannan mataki ba idan ana ba da tarihin sana'ar, alhali kuwa shi ne ya ba injin damar yin amfani. Katakon da ake kira tu-bai-fo a Amurka kaurinsa inci ɗaya da rabi ne, faɗinsa inci uku da rabi, ko a wace jiha aka saya shi. Falankin filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato inci 48 da inci 96, kuma dukansu suna rabuwa daidai da tazarar inci 16. Kafinta na iya yanka katako ɗari a awo ɗaya ba tare da ya ɗaga kai ba, domin ya san za su zauna.

Inda aka ga cikar wannan tsari shi ne Levittown, a tsibirin Long Island na jihar New York. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun dawo gida suna neman muhalli, gwamnati kuma ta tsaya musu wajen samun rancen gida mai sauƙi. Kamfanin Levitt and Sons ya gina gidaje 17,447 tsakanin 1947 da 1951, a filayen da a da gonakin dankali ne. William Levitt ya kasa ginin gida zuwa matakai 27, kowace tawaga da aikinta guda: masu zuba daɓe, masu kafa bango, masu rufi, masu fenti. A masana'antar mota kayan ne ke tafiya a kan bel ma'aikaci na tsaye. A nan gidajen ne ke tsaye, ma'aikata na tafiya daga wannan zuwa wancan. Ana yanka katakon gaba ɗaya a wuri ɗaya, a ɗaure na kowane gida daban, mota ta sauke a gaban filinsa. Kamfanin yana da masana'antar katakonsa a Kaliforniya, yana kuma ƙera ƙusoshinsa. A lokacin da aikin ya kai ganiya ana kammala gidaje kusan 30 a rana, ana sayar da gida ƙasa da dala 8,000. Tilas a ambata cewa yarjejeniyar gidajen ta hana baƙar fata zama a unguwar, abin da ya bar tabo a sunan kamfanin. Ta fuskar lissafi kuwa, sirrin Levitt shi ne maimaici: gida iri ɗaya sau dubbai, ta yadda zarto ɗaya ke aiki daga safe zuwa yamma ba hutu, kuma kuɗin sayensa ya rabu a kan gidaje masu yawa.

A kudancin Kaliforniya ma haka aka yi a shekarun 1950. Kafintoci irin su Larry Haun da 'yan'uwansa, waɗanda suka yi aiki a kwarin San Fernando, sun ajiye zarton hannu sun ɗauki na lantarki, amma ƙusa da guduma suke buga ta, mai doguwar ƙota da nauyin kai, wadda gwani kan nutsar da ƙusa da ita a bugu ɗaya ko biyu. Abin da ya ba su sauri shi ne tsara aiki: a zana awon dukan gidan a kan daɓe, a yanka komai lokaci guda, a haɗa bango a kwance sa'an nan a ɗaga shi. Bindigar ƙusa mai aiki da iska ta zo daga baya. Kamfanin Paslode ya fitar da tasa a 1959, ya kuma fitar da mai aiki da gas ba tare da tiyo ba a 1986. Injin huda mai batir ya fito daga Black & Decker a 1961, amma sai da batirin litiyam ya shigo a wajajen 2005 kayan batir suka sami ƙarfin yin gogayya da masu waya.

A nan ne labarin ya ɗauki salon da dillalan inji ba su cika son a ji ba. A 2023 masana biyu na Jami'ar Shikago, Austan Goolsbee da Chad Syverson, suka wallafa binciken da ya nuna cewa darajar aikin da ma'aikaci ɗaya ke fitarwa a fannin gine-gine na Amurka a 2020 ta yi ƙasa da ta 1970 da kimanin kashi 40 cikin 100, alhali a sauran fannonin tattalin arziki ƙaruwa aka yi ta samu. Wato a daidai shekaru 50 ɗin da bindigar ƙusa da kayan batir suka cika wuraren gini, fannin baya ya ci. Akwai masu jayayya da alƙaluman, suna cewa gidajen yanzu sun fi girma da inganci kuma ma'aunin farashi bai kama wannan ba. Amma ko cibiyar bincike ta McKinsey, a rahotonta na 2017, ta gano cewa a duniya baki ɗaya ƙaruwar ta tsaya a kashi 1 cikin 100 a shekara na tsawon shekaru 20, yayin da masana'antu ke samun kashi 3.6. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne, yanka da buga ƙusa ƙaramin kashi ne na lokacin da gida ke ci. Sauran yana tafiya wajen jiran izini, jiran kaya, jiran mai aikin famfo ya gama kafin mai wayar lantarki ya shiga, da gyaran abin da aka yi ba daidai ba. Bindigar ƙusa ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Zuba kuɗi barkatai ma bai warware matsalar ba. Kamfanin Katerra, wanda aka kafa a 2015 da niyyar mayar da gini aikin masana'anta, ya tara jarin da ya haura dala miliyan dubu 2, akasari daga SoftBank na Japan, ya kuma durƙushe a watan Yunin 2021. Masana'anta tana buƙatar oda mai ɗorewa, kasuwar gidaje kuwa hawa da sauka take yi.

Akwai kuma kuɗin da ba ya fitowa a rasidin sayen inji. Hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka sun bayyana a 2011 cewa bindigar ƙusa kan kai mutane kimanin 37,000 ɗakin gaggawa na asibiti a kowace shekara, kuma wani bincike a kan masu koyon kafinta ya nuna biyu cikin biyar sun ji rauni da ita a shekaru huɗun koyonsu. Bindigar iri biyu ce. Akwai wadda ake riƙe kunamarta, duk abin da bakinta ya taɓa sai ta harba. Akwai wadda sai an dafa bakin a kan katako tukuna a ja kunama, ƙusa ɗaya a kowane ja. Ta farko ta fi sauri kaɗan, haɗarinta kuma ya ninka na ta biyu. Wanda guduma ta kauce masa farcensa ne zai yi baƙi. Wanda bindiga ta kauce masa, ƙusa mai inci uku ce za ta ratsa hannunsa ko ƙafar abokin aikinsa.

Batun inganci ya fi wannan nauyi. A ranar 24 ga Agustan 1992 guguwar Andrew ta afka wa kudancin Fulorida, ta rusa dubun-dubatar gidaje, ta jawo hasarar da ta haura dala miliyan dubu 25. Masu binciken da suka bi baraguzan sun yi ta samun falankin rufi da aka harba wa ƙusa ko ƙarfen maƙala a jere, amma da yawansu sun kauce wa katakon da ke ƙasa, iska kawai suka riƙe. Mai guduma yana ji a hannunsa idan ƙusa ta faɗa wofi, domin bugun kan canja. Bindiga ƙara ɗaya take yi, ko ta sami katako ko ba ta samu ba. Idan kuma an cika mata iska, sai ta nutsar da kan ƙusa cikin falanki har ya rasa abin riƙewa. Bayan wannan masifa aka tsaurara dokar gini a yankin. Wannan batu bai yi nisa da Nijeriya ba, inda iskar farkon damina ke yaye rufin gidaje da makarantu kusan kowace shekara.

Shi ya sa har yau babu kafintan gini a Amurka da ke hawa rufi ba guduma a ƙugunsa. Da ita yake daidaita katakon da ya karkace, ya cire ƙusar da ta lanƙwashe, ya shiga lungun da bindiga ba ta shiga. Mabiya ɗariƙar Amish, waɗanda ba sa jawo wutar gwamnati zuwa gidajensu, sun yi suna wajen tayar da babban rumbu cikin yini guda ta hanyar gayya. Amma su ma da yawa daga cikin masu sana'ar katako a cikinsu suna amfani da injinan iska da injin dizal ke hura wa. Ko masu gudun zamani saboda aƙida sun yi nasu lissafin.

Babban ci gaban da aka samu a aikin rufi kuwa daga masana'anta ya sake fitowa. A 1955 wani injiniya a Fulorida, John Calvin Jureit, ya ƙago farantin ƙarfe mai haƙora a jikinsa, wanda ake dannawa da inji a mahaɗar katakai. Da shi ake haɗa ƙwarangwal ɗin rufi a ƙasa, a kan tebur mai awo, a kawo shi wurin gini a shirye. A Japan, ƙasar da ta shahara da gwanayen sassaƙa, mafi yawan gidajen katako na salon gargajiya yanzu a masana'anta ake yanka mahaɗarsu da injin da kwamfuta ke sarrafawa, kafinta kuma ya harhaɗa su a fili da babbar gudumar itace.

To, ina wannan ya bar ɗan kwangilar Nijeriya? Gininmu na bulo ne da kankare da rodi. Katako yana shigowa ne a rufi, da allunan da ake kafawa don zuba linta da ginshiƙi da dakin, sai ƙofofi da silin. Ke nan kason kafinta a kuɗin gida ƙarami ne idan aka gwada da na siminti da ƙarfe, kuma ko da inji ya rage rabin lokacinsa, abin da zai sauka daga jimillar kuɗin ginin ba shi da yawa.

Sa'an nan ga bambancin farashin ƙwadago da na jari, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka sun nuna matsakaicin kafinta ya sami fiye da dala 55,000 a 2023, wato kusan dala 27 a awa. A ɗauka, alal misali, cewa bindigar ƙusa dala 300 ce. A can kuɗin aikin awa 11 ke nan, ƙasa da kwana biyu. A Nijeriya, mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata, wanda bai kai dala 50 ba a canjin wancan lokaci. Bindigar ta cinye albashin wata shida. Gaskiya ne ƙwararren kafinta ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi, amma ko an ninka kuɗinsa sau uku tazarar tana nan. Inji daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, kuma bayan sakin Naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda zai ci bashin banki don sayen inji kuma ya tarar Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamban 2024.

Wuta ita ce matsala ta uku. Yawancin wuraren gini suna bayan gari ne, inda ba a kai turakun lantarki ba tukuna. Zarton lantarki kan ja wat 1,200 zuwa 1,800, kuma a lokacin tashi yana jan fiye da haka, don haka ƙaramin janareton da masu shaguna ke amfani da shi ba zai ɗauke shi ba, balle injin hura iskar da bindiga ke buƙata. Man fetur, wanda ake sayarwa ƙasa da Naira 200 kafin janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Masu wutar rukunin A kuma an kai musu kuɗin kilowat zuwa Naira 225 a watan Afrilun 2024. Masu sayen kayan gwanjo su lura da cewa injinan da aka yi wa kasuwar Amurka na wuta mai ƙarfin 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Wanda ya soka kai tsaye ya ƙona kuɗinsa. Kayan batir sun rage wannan damuwa, tun da ana iya cajinsu da hasken rana, amma batirin ne mai tsada, zafi na rage masa kwana, kuma na wannan kamfani ba ya shiga injin wancan. Wanda ya sayi na farko ya ɗaure kansa da kamfanin ke nan. Shigowar kayan ƙasar Sin ta sauko da farashi ƙwarai. Har Skil ɗin da aka ambata a baya kamfanin Chervon na Sin ne ya saye shi daga hannun Bosch. Abin da mai saye zai tambaya kafin farashi shi ne ko akwai kayan gyara da mai gyara a garinsa.

Amma babban cikas yana kasuwar 'yan katako. Wanda ya sayi tu-bai-fo guda ɗari a Dei-Dei ta Abuja ko Na'ibawa ta Kano ya san ba za su zo kai ɗaya ba: wani ya fi kauri, wani ya tanƙware, da yawa ɗanye ne, zai bushe ya motsa bayan an buga shi. Wani ma da zarton sarƙa aka tsage shi a daji. Bangon da birkila ya miƙa wa kafinta shi ma sau da yawa ba ya kan kusurwa daidai. A irin wannan hali kowane katako sai an gwada shi a inda zai zauna, an yanka shi shi kaɗai, kuma a nan idon gwani da hannunsa sun fi saurin inji amfani. Bugu da ƙari, an ƙera bindigar ƙusa ne domin itace mai laushi na ƙasashen sanyi. Ta iya da obece ko malaina, amma a kan busasshen iroko ko maɗaci takan bar ƙusa a tsaye, sai an bi ta da guduma.

Wannan ba ya nufin a rufe ƙofa ga inji. Akwai ayyukan da hannu ba ya iya yi yadda ya kamata, ko nawa aka biya lebura. Kankaren da aka kwaɓa da shebur aka ɗauka a kwanon sarki ba ya haɗuwa daidai kamar na injin kwaɓi, kuma ginshiƙin da ba a girgiza da inji ba yakan bar ramuka a ciki inda ido ba ya gani. Huda kankare, yanka rodi da tayil, da ɗaure kwanon rufi na zamani da ƙusa mai zare, duk aikin inji ne. Masu rufin ƙarfe, waɗanda ke ƙaruwa saboda tsadar katako da ɓarnar gara, ba su da zaɓi sai walda da injin yanka. A aikin katako ma, zarton lantarki ɗaya a hannun babban kafinta yana biyan kansa da wuri wajen tsaga filawud na dakin, inda zarton hannu ke cin awoyi. Bindigar ƙusa ce ta ƙarshe a layi, kuma mai gina gida ɗaya ko biyu a shekara ya fi dacewa ya yi hayar inji ranar da yake buƙata maimakon ya saya ya ajiye a sito.

Inda lissafin ke juyawa shi ne rukunin gidaje masu zane ɗaya. Nijeriya ta san irinsu tun daga Festac a 1977, da gidajen Jakande a Legas tsakanin 1979 da 1983, da Gwarinpa a shekarun 1990, har zuwa gidaje 3,112 da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a Karsana ta Abuja a watan Fabrairun 2024. A irin wannan aiki akwai maimaicin da Levitt ya dogara da shi. Ɗan kwangilar da ke da rufi 200 iri ɗaya zai iya kafa rumfa guda mai janareto ɗaya ko faifan hasken rana, ya sa injin goge katako ya daidaita kaurinsa, ya jiƙa shi da maganin gara, ya haɗa ƙwarangwal ɗin rufi a kan tebur mai awo, mota ta rarraba. Kafintocin da ke sama za su ci gaba da aiki da gudumarsu. Haka nan ɗan kasuwar katakon da ya fara sayar da busasshen katako mai tabbataccen awo, ko rufin da aka haɗa a shirye, zai sami 'yan kwangilar da za su biya ƙari a kansa, domin abin da suke asara a ɓarnar katako da kwanakin gyara ya fi ƙarin. Sharaɗin shi ne a biya shi a kan lokaci kuma odar ta ɗore, abin da ayyukan gwamnati ba su cika tabbatarwa ba.

Saura batun hannun da zai riƙe injin. Yawancin kafintocin ƙasar nan a wurin maigida suka koyi aiki, kuma maigidan bai taɓa riƙe bindigar ƙusa ba. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa suna da shirye-shiryen koyar da sana'a, amma ɗan kwangilar da ya sayo inji yau shi ne zai ɗauki nauyin koya wa yaransa yadda ake saita zurfin haƙori, da dalilin da ya sa ba a ɗaure marufin zarto da waya don a ƙara sauri, da sayen tabarau da abin toshe kunne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma wanda ya shigo da zarto mai juyawa sau dubu biyar a minti cikin wurin aikinsa ya kamata ya duba ko sunan kamfaninsa yana cikin rajistar.